Ko Bawa Jangwarzo Ya Saurari Tambaya



A hutun da ya wuce, wani dare bayan isha'i, muna zaune a fadarmu nan Dakoro, shayi na biyu yana bisa gawayi, sai wani abokinmu ya ɗauki salularsa ya danna ya yi magana cikin gurup ɗinmu na WhatsApp, na waɗanda munka yi kwaleji tare. Bai zagi kowa ba, bai ma kama sunan kowa ba. Cewa ya yi: tunda ana cire mana dala biyu-biyu wajen kira da sayen intanet don asusun ceton ƙasa, kuma muna bayarwa da zuciya ɗaya, to wane ne ke duba lissafin kuɗin nan in ban da masu riƙe da su? Iyakar maganar ke nan. Kafin a juye shayi a kofuna, mutum uku sun rubuto masa kalma guda: goge. Can sai ga kiran yayansa daga Maraɗi. Muna jin muryar yayan tana fita daga wayar: "Kai, mi ka sha? So kake ka kashe tsohuwa da hawan jini? Goge shi yanzu-yanzu." Ya goge. Munka sha shayinmu, munka koma gardamar ƙwallo.

Ba wanda ya zo ya kama shi. Ba jandarma, ba ɗan sanda, ba sammaci. Mu da kanmu munka yi aikin, mu abokansa, kuma ni ina cikin waɗanda sunka sunkuyar da kai suna hura gawayi. Abin da ya hana ni barci ke nan a daren.

Bayan kwana biyu na je karatun dare a wani masallaci. Malamin mutum ne da nake ganin girmansa, ba kuma zan faɗi sunansa ba. A tsakiyar karatu ya karkata ya ce ƙasa tana cikin yaƙi, maƙiya sun kewaye mu, saboda haka duk mai yawan tambayar shugabanni a irin wannan lokaci ya sani fitina yake tayarwa, kuma aikin talaka addu'a ne da biyayya. Jama'a sunka ce na'am. Ni na tashi da nauyin zuciya, don na gane cewa abin da yayan abokina ya faɗa da tsoro, shi ne malam ya maimaita da Larabci. Tun daga ranar nake so in rubuta wannan takarda.

Kafin wani ya ce ɗan Faransa ne ke magana, bari in faɗi inda na tsaya. Ranar da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Yamai, cikin Disamba 2023, na yi murna, kuma har gobe ban janye ba. Lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi ranar 30 ga Yuli 2023, anka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, magani ya yi wuya, shinkafa ta hau, ban ga adalci a ciki ba ko na ƙwayar zarra, don uwata ce ta sha wahalar, janar-janar ba su sha ba. Na san an rage kuɗin mai a 2024, an rage kuɗin asibiti, kuma duk wanda ya taɓa kai mara lafiya likita ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi allo kafin in yi lakwal, ina salla, na tsaya alƙunut tare da kowa. "Zancen ƙasa ne" da ake ta faɗa, na yarda da shi. Amma in zancen ƙasa ne, ai ɗan ƙasa yana da baki a ciki.

To, mu ƙirga abin da ya fita hannunmu tun daga 26 ga Yuli 2023. An jingine kundin tsarin mulki na 2010. Majalisar dokoki ta tafi. A cikin Afrilu 2024 anka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, anka kawo naɗaɗɗu a madadin magadan gari da kansalolin da munka zaɓa. Wani zai ce mi kansala ya taɓa tsinana mana? Gaskiya ne, da yawansu ba su tsinana komai ba. Amma wanda ya zauna Kornaka ko Sabon Mashi ko Birnin Lalle ya san cewa kansala mutum ne da za ka iya tarewa a bakin kasuwa ka ce masa rijiyarmu ta rufta, ko an ci burtali a Tarka za a yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya, kuma dole ya tsaya ya ji, don yana tsoron ranar zaɓe. Naɗaɗɗe tsoron wanda ya naɗa shi yake. Ranar 26 ga Maris 2025 anka rusa jam'iyyun siyasa kaf, anka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na shekara biyar waɗanda ake iya ƙarawa. Akwai majalisar ba da shawara, amma ba mu munka zaɓe ta ba, kuma sunanta ya riga ya faɗi iyakar ƙarfinta.

Bakin ma an sa masa linzami. A cikin Yuni 2024 anka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, anka maido da ɗaurin kaso ga wanda anka ce ya ɓata suna, ko ya yi zagi, ko ya watsa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Wane ne ke auna abin da ka iya tada hankalin jama'a? Wanda maganar ta ɓata wa rai. A cikin Agusta 2024 anka buɗe kundin da ake sa sunan mutum a ciki, a toshe masa dukiya, har a tuɓe masa zama ɗan ƙasa, tun kafin alƙali ya yanke masa hukunci. An dakatar da RFI da France 24 tun Agusta 2023, BBC ta bi su a Disamba 2024. An kama Samira Sabou, an kama Idrissa Soumana Maïga na jaridar L'Enquêteur, an kama ƴan jaridar Sahara FM ta Agadas. A cikin Agusta 2025 anka rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan shari'a, har da SAMAN ta alƙalai. Mohamed Bazoum, ko kana son sa ko ba ka son sa, ni ban kasance cikin masoyansa ba, ya wuce shekara biyu a tsare ba a kai shi gaban kotu an karanta masa laifinsa a bainar jama'a ba. In yana da laifi a yi masa shari'a mu ji, mu ma muna so mu sani.

Sai Moussa Tchangari na Alternative Espaces Citoyens. Wannan bawan Allah ya yi shekaru yana cewa sansanonin sojan waje su tashi daga ƙasar nan, tun lokacin da faɗin haka ke kai mutum kaso, tun lokacin da wasu masu ɗaga tuta yau suke cin abinci a hannun gwamnatin da ta kawo sansanonin. Tandja ya kama shi a 2005 saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Issoufou ya kama shi a 2015, da 2018, da 2020. Ranar 3 ga Disamba 2024 anka je gidansa a Yamai da dare anka ɗauke shi, daga baya anka kai shi kason Filinge. Ku dubi wannan jerin shekaru da kyau. Masu mulki suna canzawa, daga rawani zuwa hula zuwa kaki, amma mai tambaya hanyarsa ɗaya ce.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa da can muna cikin aljanna. Ƙarya ne. A ƙarƙashin farar hula ne anka kashe ɗan'uwanmu ɗalibi Malah Bagalé a jami'ar Yamai ranar 10 ga Afrilu 2017, don ɗalibai sun fito neman haƙƙinsu. A ƙarƙashin farar hula ne bincike ya nuna a 2020 cewa kuɗin makamai, wajen miliyar 76 na sefa, sun bi ta hanyoyin da ba su dace ba, alhali sojojinmu na mutuwa a Inates da Shinagodar. Da mutane sunka fito ranar 15 ga Maris 2020 don su ce a hukunta ɓarayin, masu zanga-zangar anka kama. Wannan ruɓa ce ta sa jama'a sunka yi tafi ranar juyin mulki, ni ma na gane dalili. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Ciwon da ya kashe gwamnatin da ta wuce shi ne sayen makamai a cikin duhu. Sai ga shi a Fabrairu 2024 an fitar da doka wadda ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da na lissafin kuɗin gwamnati. Ban ce wani ya ci ko dala ba. Na ce ɗakin da anka yi sata jiya, yau an ƙara kashe masa fitila, kuma an ce duk wanda ya ce a kunna maƙiyin ƙasa ne.

Mu ƴan Dakoro bai kamata a koya mana illar shiru ba. Ku tambayi iyayenku shekarar 2005. Daminar shekarar da ta gabace ta ta gaza, fara ta zo, hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye, dabbobi sunka faɗi. Likitocin MSF sunka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a nan garin, mata na zuwa daga ƙauyuka da ɗiya a goye kamar tsumma. Wasu cikin masu karanta wannan takarda a waccan shekara anka haife su, wasu kuma ƙannensu ko yayyensu suna kwance a maƙabarta tun lokacin. A cikin watan Agusta na wannan shekara shugaba Tandja Mamadou ya fito ya ce babu yunwa a Nijar, mutane a ƙoshe suke. Wanda ya ce akwai yunwa, sai a ce yana zubar da mutuncin ƙasa, yana yi wa Turawa aiki. A 2008 anka dakatar da MSF ta Faransa a jihar Maraɗi. Kalmomin da anka yi amfani da su a lokacin su ne dai na yau: mutuncin ƙasa, maƙiya, ƴan kanzagin waje. Mutuncin ƙasa bai cika tiya ko ɗaya ba. Kuma kafin Tandja, yunwar da gwamnatin Diori ta kasa fuskanta, da taimakon abinci da ya bi wata hanya, su ne hujjar da Seyni Kountché ya kawo ranar 15 ga Afrilu 1974. Ƙasar nan ta sha ganin abin da ke biyo baya in mai mulki ya toshe kunne.

Mu dubi lakwal, tunda ita ce gidanmu. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a Maraɗi, yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar da shida, sunka ƙone ƙurmus. Wata bakwai kafin nan, cikin Afrilu, wasu kimanin 20 sun ƙone haka a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ƙasa mai yuraniyom tun 1971, mai matatar mai a Damagaram tun 2011, tana karantar da ɗiyanta cikin rumfar kara. Ku fita daga Dakoro ku bi hanyar ƙauye bayan an gama girbi, za ku ga iyaye na yanke kara suna ɗaura aji, don sai an yi girbi ake samun abin yin rumfar, kenan karatu ba ya kankama sai shekara ta yi nisa. Malamin kwantaragi yana jiran ɗan abin da ake ba shi, ɗalibin jami'a yana jiran buris, shekarar karatu tana hawa bisa wata. Wanda ya gama kuma sai ya kama kabu-kabu, ko ya nufi Agadas, ko Libiya, ko wurin haƙar zinariya. A kudu, wajen Madarunfa da Gidan Runji, ƴan bindiga suna kore shanu suna ɗaukar mutane. Wannan ba laifin gwamnati guda ba ne, tarin shekaru ne. Amma gyaransa yana buƙatar mai cewa ga inda ke yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san wurin.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini zafi, don ta shafi abin da na fi so.

Ranar da yaran Maraɗi sunka ƙone, an yi kuka, an yi jana'iza, an ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma ban ga gari ya tashi ba, ban ji lasifikokin masallatai sun kwana suna tambayar wa ya ci kuɗin gina aji ba. Alhali mun san malamanmu suna iya tada gari in sun so. A Nuwamba 2000, saboda bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai, an fito a Maraɗi an farfasa mashaya, an kori mata daga ɗakunansu, an taɓa majami'u. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo da tafiyar Issoufou Paris, mutum 10 sunka mutu a Damagaram da Yamai, anka ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai. Zanen nan ya ƙona mini rai kamar kowane Musulmi. Amma Bafaranshe ya yi zane a Paris, mu kuma munka ƙone ɗakin ibadar maƙwabcinmu wanda muke sayen hatsi a kasuwa ɗaya da shi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wane Bature ne ya ji zafin wannan wuta?

Abin da ya faru a Yuni 2019 ya fi kowane koya mini darasi. Gwamnati ta kawo dokar tsara harkokin ibada. Limamin masallacin unguwar Zariya a Maraɗi, Shehu Rayadoune, ya ce dokar ta saɓa wa Musulunci. Anka kama shi ranar 15 ga wata, matasa sunka fito, anka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu. Da anka sake shi, shi da kansa ya ce waɗanda sunka fassara masa takardar daga Faransanci ne sunka ɓatar da shi, ya nemi a kwantar da hankali. Na ga girmansa da ya faɗi haka, ba kowa ke iyawa ba. Amma ku duba yadda abin ya jeru. Gwamnati ta rubuta doka da harshen da mafi yawan jama'a ba su karantawa, ba ta zauna ta yi bayani ba. Malami ya yi fatawa bisa takardar da bai karanta da idonsa ba. Hukuma ta amsa magana da kamu. Matasa irinmu sunka ɗauki ashana. A duk cikin jerin nan ba wanda ya tsaya ya ce: a kawo takardar mu gani. Majami'a ta riga ta ƙone kafin a gano cewa fassara ce ta karkace.

Masu mulkin ƙasar nan sun daɗe da gane amfanin rawani. Kountché ya kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa a 1974, ƙungiya guda, a ƙarƙashin idonsa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi sunka yawaita, Izala, ɗariƙu, kowa da masallacinsa da rediyonsa. Ku lura da wannan, ku masu zagin ƴancin faɗar albarkacin baki a bisa mumbari: ƴancin nan ne ya ba ku lasifikar da kuke zaginsa da ita. A zamanin siyasa, ɗan takara yana zuwa da buhun shinkafa da sukari na azumi da kujerar Makka, a yi masa saukar Alƙur'ani, a ce Allah ne ya zaɓe shi. A 2009 an samu masu yi wa tazarce addu'a. Da soja sunka tuɓe Tandja ranar 18 ga Fabrairu 2010, an samu masu yi wa sojan addu'a, wataƙila ma da carbi guda. An yi wa Issoufou, an yi wa Bazoum, yau ana yi wa Tiani. Ba na hana kowa addu'a, shugaba yana buƙatarta fiye da kowa. Amma addu'ar da kullum take fuskantar inda kujera take, ni dai tana ba ni tsoro. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Kada in zalunci malamai. A cikin Agusta 2023, lokacin da ake ta kaɗa gangar yaƙi a CEDEAO, tawagar malaman Najeriya ƙarƙashin Shehu Abdullahi Bala Lau ta zo Yamai ta ga Janar Tiani a lokacin da ƴan siyasa da jakadu sunka kasa samun ƙofa. Masallatan Kano da Katsina da Sakkwato sunka ce ba su yarda a yaƙi ƴan'uwansu ba. Allah kaɗai ya san jinin da wannan ya tare, kuma mu na bakin iyaka mu ne da za mu fara zubar da shi. Nan na ga malami a matsayinsa: ya tsaya gaban mai ƙarfi, wato shugaban ƙasarsa, ya ce masa kul. Abin da nake nema ke nan a gida. Akwai kuma malaman zaure a ƙauyukanmu da ba su taɓa ganin ambulan ɗin gwamnati ba, suna noma suna karantarwa. Ba da su nake ba.

Mu da muke zaune kusa da Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir, muna da labarin da ya ishe mu misali. Wajen shekarar 1788, ranar babbar salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya raba musu kyauta. A cikinsu akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau. Anka miƙa masa zinariya, ya ƙi karɓa. A madadinta ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a sassauta wa talakawa haraji. Ku sake duba su. Na farko da na biyu ƴancin magana ne da ƴancin taro. Na huɗu maganar fursunoni ce. Na biyar maganar aljihun talaka ce, irin wadda abokina ya yi a gurup. Gobir a lokacin ba zaune take lafiya ba, Bawa sarkin yaƙi ne, maƙiya gabas da yamma. Shehu bai ce a bari sai yaƙi ya ƙare ba. Bawa kuma, da duk jan gwarzonsa, bai ce fitina ce ba, ya saurara ya amince. Sarakunan da sunka biyo bayansa ne sunka toshe kunne, sunka hana wa'azi, kuma kowa ya san yadda Alƙalawa ta ƙare a 1808. Ina mamakin malamin da zai ba da wannan labari da daddare yana kuka, da safe ya ce wa ɗalibi tambaya haramun ce.

Tun muna yara a makarantar allo ake ba mu labarin Sayyidina Umar, da wani ya tsayar da shi yana bisa mumbari ya ce ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya samo ƙyallen da ya ishe shi riga, tunda rabon kowa guntu ne. Umar bai sa an kama mutumin ba, ɗansa ya kira ya yi bayani cewa nasa rabon ya ƙara masa. A lokacin ma Musulmi cikin yaƙi suke. In an iya tambayar Umar lissafin ƙyalle, wane ne a Yamai ya fi ƙarfin a tambaye shi lissafin miliyoyi?

Za a ce mini: yaro, ba ka san yaƙi ba. Gaskiya ne ban riƙe bindiga ba, kuma ina jinjina wa waɗanda ke riƙe da ita, cikinsu akwai ɗiyan Dakoro. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin azumi, masu kiran kansu ƴan jihadi sunka kewaye masallacin Fambita a Kokoru sunka kashe masallata 44. Wannan shi ne ƙarshen hanyar mutumin da ya ɗauka cewa shi ke magana da yawun Allah, kuma ba mai tambayarsa. Ba na so mu yaƙe su mu kuma kwaikwayi halinsu. Sirrin yaƙi daban, ba wanda ya ce a faɗa mana inda soja za su kwana. Amma uwar sojan da ya faɗi tana da haƙƙin ta san ko kuɗin rigar sulkensa sun isa inda anka ce. Ɗan jaridar da ya faɗi adadin waɗanda sunka mutu ba shi ya kashe su ba.

Za a kuma ce dimokuraɗiyya kayan Turawa ce, raba addini da gwamnati kafirci ne. Wanda ke faɗin haka ya je ya karanta abin da ya faru ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990. Ɗalibai sunka fito daga jami'a suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ya ɗora wa ilimi, wato suna faɗa da umarnin Turawa ke nan. A bisa gadar Kennedy anka buɗe musu wuta, Alio Nahantchi da Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou sunka faɗi. Jininsu ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 29 ga Yuli 1991. Ba jakadan Faransa ya ba mu wannan ƴanci ba, kamarad, ƴan USN ne sunka biya kuɗinsa, ƴan sanda da sojan ƙasarmu sunka karɓa. Maganar addini kuwa, ni abin da nake tsoro a fili yake. In gwamnati ta zama mai rabon takardar wane ne malamin kirki, to yau ɗan Izala ne zai ji daɗi, gobe ɗan ɗariƙa, jibi duka biyun suna kaso ɗaya. Wane Musuluncin za a ɗora bisa kujera, na wane masallaci cikin masallatan Juma'ar garin nan da ba su bin juna salla? Nisan malami da fada kariya ce ga malamin kansa, da ga Kirista ɗan ƙasa, da ga Ba'azne mai gargajiyarsa a ƙauye.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Tunda takardar sabunta ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to a fara da fassara mana dokokin da ake kama mu da su, ta intanet da ta kundin sunaye, a karanta su a rediyon gari, kowa ya san inda iyakar take, kada a maimaita 2019. Waɗanda ke tsare saboda magana, a kai su gaban alƙali a fili ko a sake su. Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, in kun gama alƙunut a kan maƙiyan waje, ku ƙara kalma biyu a kan ajin zana da farashin tiya da waɗanda ke kaso ba shari'a. Mu kuma ɗalibai, ranar 9 ga Fabrairu mai zuwa, kafin mu ɗora furanni mu yi jawabai, kowane sashe ya zauna ya rubuta tambaya uku da yake so hukumar garinsa ta amsa, a kai su a rubuce, da ladabi, da sa hannu.

Da sa hannu na ce, ga shi ni kaina ban cika ba. Da munka zauna haɗa wannan ɗan littafi, munka yi wajen awa guda muna gardama ko a sa sunayenmu ko a'a, mai fotokopi kuma ya ce mu zo bayan magariba, in shago ya yi sauƙi. Na je wurin abokin nan nawa na karanta masa farkon takardar, na tambaye shi ko ya yarda in ba da labarinsa. Ya yi dariya ya ce in bayar, amma in cire sunan unguwarmu. Na cire. Ya ce kuma in na samu wanda ya amsa masa tambayarsa ta dala biyu, in kira shi, kada in turo ta WhatsApp.